Tarihin Lissafin Ruwan Gona a Samaru

Samfurin lissafi hanya ce ta kwaikwayon abin da ke sauyawa ba tsayawa, kamar damshin da ke cikin ƙasar gona: ruwan sama ya ƙara shi, rana da iska su ɗebe, saiwa ta tsotse, saura ya nutse. Masana na bin hanya biyu. Ɗaya ta siffantawa ce, wadda ke faɗin inda abu ya dosa, ko ƙaruwa yake ko raguwa. Ɗayar ta awo ce, mai sa wa kowane sauyi adadi.

A Samaru, cikin Ƙaramar Hukumar Sabon Gari, an kafa tashar binciken noma a 1922, wadda ta zama Cibiyar Binciken Aikin Gona ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Shekara da shekaru ma'aikatanta na rubuta ruwan da ya sauka, wajen milimita 1,000 a damina guda. Da Howard Penman na Ingila ya fitar da ƙa'idar lissafin ruwan da ke tashi sama a 1948, sai littattafan da ake rubuta ruwan a ciki suka sami abokin aiki. A 1972 masana biyu, Kowal da Knabe, suka wallafa taswirar yanayin noma ta jihohin Arewa, mai nuna lokacin da damina ke kankama da tsawon kwanakin da ƙasa ke riƙe damshi. Shekara guda bayan haka, fari na tsaka da cin Sahel, Kowal da Amir Kassam suka buga awon ruwan da masara ke sha a Samaru. Kassam ya ci gaba da wannan fanni a hukumar FAO, inda shi da Doorenbos suka fitar da littafin 1979 kan yadda ƙarancin ruwa ke rage amfanin gona.

Sai dai awo kaɗai bai wadatar ba. Tun 1966 David Norman da abokan aikinsa suka riƙa bin manoman ƙauyukan Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi gona-gona. Suka tarar da gero da dawa da wake a fili ɗaya, an shuka su gicci. A lokacin, malaman gona da yawa na ɗaukar wannan ci-baya ne. Manomi kuwa ya san gero zai nuna da wuri ya bar wa dawa ragowar damshi, kuma in ruwa ya ɗauke, da wuya duka su lalace tare. Da aka lissafa, sai aka ga haɗa shukar ya fi ba da riba a kan kowace kadada, ya kuma fi rage asara.