Suleja: Asalin Sunan

Suleja gari ne a kudu maso gabashin Jihar Neja, kusa da Dutsen Zuma. Sunan haɗin kalma biyu ne, Sule da ja, kuma an ɗinka shi ne a kan tsohon sunan garin, wato Abuja.

Tarihin ya faro daga Zariya. Da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ci Zazzau, Sarki Muhammadu Makau ya yi kudu da jama'arsa, ya zauna wajen Zuba. An kashe shi a yaƙin Lapai a 1825, sarauta ta koma hannun ɗan'uwansa Abubakar Jatau. Jatau laƙabi ne da Hausawa ke yi wa mutum mai hasken fata, shi ya sa ake kiran sarkin Abu Ja. A 1828 ya kafa birninsa, baki ya haɗe kalmomin biyu, aka samu Abuja. Ginin sunan ma abin lura ne: bisa al'ada cewa ake yi jan doki ko jan gwarzo, amma a laƙabi suna ke zuwa gaba, sifa ta biyo shi.

Garin ya riƙe wannan suna kusan shekara 150. A watan Fabrairun 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta amince da shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda ta gina sabon babban birnin tarayya a tsakiyar ƙasa. Masarautar Abuja ta ba da wani yanki na ƙasarta, ta kuma ba da sunanta. Sai aka raɗa wa tsohon garin suna daga na sarkin lokacin, Sulaimanu Barau, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979: Sule, taƙaitaccen Sulaimanu, aka liƙa masa ja.

A nan ja ta sauya aiki. A Abuja launin mutum take faɗa. A Suleja gado ce kawai, an ɗauko ta don kunne ya ji dangantakar sabon suna da tsohon, kuma waɗanda suka zaɓa sun iya. Illar sauyin sunan dai ita ce, mai karanta tsofaffin takardu yakan ruɗe. Abujar da Ladi Kwali ta yi ginin tukwane a cibiyar da Michael Cardew ya kafa, Suleja ce ta yau. Sarkin garin kuwa har gobe Sarkin Zazzau Suleja ake kiransa.