Cizon mahaukacin kare: Ƙa'idojin da ke sa allurar rigakafi ta yi aiki

A ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, a kudancin Jihar Katsina, kare abokin zaman makiyayi ne da mafarauci da manomi. A nan ne kuma hare-haren 'yan bindiga suka sa fita neman magani ta zama abin da sai an yi shawara. Ga wanda kare ya ciza a ƙauye, jinkiri ko kuskure wajen allura na iya zama sanadin ajali.

Ciwon haukar kare yana kama ƙwaƙwalwa, kuma da zarar alamominsa sun bayyana, irin su tsoron ruwa da ruɗewa, da wuya mutum ya tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Allurar da aka faro tun gwajin Louis Pasteur a Faransa a 1885 tana hana mutuwar, muddin an bi ƙa'idarta.

Kafin allura

A wanke raunin da sabulu da ruwa mai yawa na tsawon minti 15. Kada a zuba toka ko barkono, kada a yi gaggawar ɗinke shi. Sannan a nufi asibiti a ranar, ba tare da jiran a ga halin da karen zai shiga ba.

Ajiyar maganin

Ana adana allurar a sanyin da ke tsakanin maki 2 zuwa 8 a ma'aunin Selshiyas. Zafi yana lalata ta, daskarewa ma haka. Inda wutar lantarki ba ta da tabbas, dangin majiyyaci na da hakkin tambayar yadda aka ajiye ta, su duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adinta. Kwalbar da aka riga aka haɗa da ruwanta ba ta wuce awa 6 zuwa 8, sai a zubar. Allurar karnuka, irin wadda Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato take samarwa, ta dabbobi ce kawai, ba a yi wa mutum ita.

Inda ake yin ta

Ba a yin wannan allura a ɗuwawu, domin kitsen wurin yana rage ƙarfinta. Babba a dantse ake yi masa, yaron da bai kai shekara biyu ba kuma a cinya, kowa da sabon sirinji. Idan raunin ya huda fata, ana ƙara maganin garkuwa na imunoglobulin, wanda ake tsirawa a cikin raunin da kewayensa, da sirinji dabam. Ba a ba da shi bayan kwana bakwai da allurar farko.

Cika adadi

A tsarin da hukumar ta fitar a 2018, allurar cikin fata ana yin ta ranar farko, sai bayan kwana 3 da kwana 7. Ta cikin tsoka tana da ta huɗu tsakanin kwana 14 zuwa 28. Wanda rufewar hanya ta sa ya kuskure rana, ya je a ci gaba daga inda aka tsaya. Juna biyu da shayarwa ba sa hana allurar, kuma ɗan kumburi ko zazzaɓi ba dalilin dainawa ba ne.

Nauyin da ke kan hukuma

Yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki rigakafi yana katse yaɗuwar cutar, kuma duniya ta sa 2030 a matsayin wa'adin kawo ƙarshen mutuwar mutane daga cizon kare. Tambayar da ta dace a yi wa shugabannin ƙananan hukumomi da 'yan majalisa ita ce: wane asibiti mafi kusa ne ke da allurar, cikin firji mai aiki, a farashin da talaka zai iya biya?