Wasan golf: abin da ya kamata a sani game da sandunan bugun nesa da ƙotocinsu

Dokar wasan golf ta yarda ɗan wasa ya shiga fili da sanduna 14 kawai. A cikinsu, waɗanda suka fi tsawo da tsada su ne na bugun nesa: diraiba, wadda ake buɗe rami da ita daga kan ɗan turke, da sandunan wud, waɗanda masu Faransanci ke kira bois 3, bois 5 ko bois 7. Kowace sanda tana da sassa uku: kai, ƙota da mariƙi. Masu saye sun fi kallon kai, amma ƙota ce ke kai ƙarfin hannu ga ƙwallo, shi ya sa ake gwada ta kafin a biya kuɗi.

Daga itace zuwa zaren kabon

Sunan wud ya samo asali ne daga itace, domin da can da icen fasimon ake sassaƙa kan sandar, ƙotar kuma da icen hikori. Hukumar golf ta Amurka, USGA, ta halatta ƙotar ƙarfe a 1924, takwararta R&A da ke Skotland ta bi sahu a 1929. A shekarun 1970 ƙotar zaren kabon ta fara shiga kasuwa, kuma rashin nauyinta ya sa a yau kusan duk diraiba da ita ake yi. A 1979 kamfanin TaylorMade ya fito da kan ƙarfe, a 1991 kuma Callaway ya kawo Big Bertha mai babban kai. Daga nan aka koma ga titaniyom, kawunan suka yi ta girma har hukumomin biyu suka tsayar da iyaka a kan santimita kubik 460.

Bambancin diraiba da wud

Fuskar kowace sanda tana ɗan kwantawa baya, kuma wannan kwantawa ce ke ɗaga ƙwallo sama. A diraiba yawanci tana tsakanin digiri 8 da 13. Wud mai lamba 3 tana da kusan digiri 15, mai lamba 5 kusan 18, mai lamba 7 kusan 21. Tsawon diraiba ta kasuwa yakan kai santimita 114 zuwa 116, wud mai lamba 3 kuma kusan 109. Kan wud ya fi ƙanƙanta da faɗi ta ƙasa, domin ana buga ƙwallo da ita ko tana kwance a ƙasa babu turke.

Iyakar tsawon sanda a doka inci 48 ne, wato kusan santimita 122. A 2021 Ba'amurke Phil Mickelson ya ci gasar PGA yana da shekara 50, da diraiba mai tsawon da ya kusa wannan iyaka. Daga Janairun 2022 aka ba masu shirya manyan gasa damar rage iyakar zuwa inci 46.

Abubuwa huɗu da ake dubawa a ƙota

Na farko shi ne tauri. Ana rubuta shi da haruffa L, A, R, S da X, daga mafi taushi zuwa mafi tauri. A ƙiyasce, wanda kan sandarsa ke gudun kilomita 137 zuwa 153 a awa yakan dace da R, mai 153 zuwa 169 da S, wanda ya wuce haka da X. Ƙwararrun gasar PGA suna wuce kilomita 180 a awa. Sai dai kamfanoni ba su da ma'auni ɗaya: S na wani kamfani yana iya zama R na wani.

Na biyu nauyi ne. Ƙotar diraiba tana tsakanin giram 40 da 80. Marar nauyi tana ƙara sauri, mai nauyi tana taimaka wa mai gaggawar hannu ya riƙe saiti. A wud akan ƙara kamar giram 10 a kan na diraiba. Na uku shi ne murɗuwa, wato yadda ƙota ke murɗewa lokacin bugu, ana auna ta da digiri. Na huɗu shi ne wurin da ta fi lanƙwasa: idan kusa da kai ne, ƙwallo ta fi tashi sama, idan kusa da mariƙi ne, ta fi tafiya ƙasa-ƙasa.

Manyan masu ƙera ƙota sun haɗa da Fujikura, Mitsubishi Chemical da Graphite Design na Japan, da Project X na Amurka.

Yadda ake gwaji

A wurin gwaji, ɗan wasa yana fara bugu da tsohuwar sandarsa domin a sami abin kwatantawa. Na'urar rada, irin ta kamfanin TrackMan na Danmak, tana auna saurin kai, saurin ƙwallo, kusurwar tashinta, da yawan juyawarta, wanda a diraiba akan so ya tsaya tsakanin 2000 da 3000 a minti. Tun daga 2009 diraiba da yawa suna zuwa da wuya mai kwancewa da ɗan makulli, don haka ana iya canza ƙota a kai ɗaya cikin ɗan lokaci. Ƙa'idar ita ce a canza abu ɗaya a lokaci guda, a yi bugu da yawa, sannan a duba inda yawancin ƙwallayen suka faɗi, ba wadda ta fi nisa kaɗai ba.

Sabuwa ba ita ce kullum mafi dacewa ba. Henrik Stenson na Suwidin ya yi shekaru yana dogara da tsohuwar wud mai lamba 3 ta Callaway, yana buɗe ramuka da ita maimakon diraiba, kuma tana hannunsa lokacin da ya ci gasar Open ta Birtaniya a 2016.

Kuɗi da yanayin fili

Sabuwar diraiba ta manyan kamfanoni tana kai dalar Amurka 600, wato sama da jika 300 na sefa, ƙota ta musamman kuma tana iya ƙara dala 300 ko fiye. Akwai kuma jabu da yawa a kasuwannin intanet. Mai sayen ta hannu ya duba tsagewa a wuyan ƙota da lotsawa a fuskar kai, ya kuma kiyaye barin sanda cikin mota a zafin rana, domin zafi yana raunana gam ɗin da ke riƙe kai.

A filayen Sahel masu yashi da busasshiyar ƙasa, kamar na Rio Bravo da ke kusa da Yamai, ƙwallo tana gangarawa sosai bayan ta faɗi, ɗaga ta daga ƙasa mai tauri kuma yana da wuya. A irin wannan fili, wud mai lamba 5 da ƙota wadda ta dace da saurin hannu takan fi yi wa ɗan koyo amfani fiye da diraiba mafi tsada.