Hurumin Kotu a Matsayin Ƙofar Sulhu: Nazarin Taƙaddamar Shari'a a Nijeriya, 1958 zuwa 2002

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin taƙaddamar shari'ar Musulunci a siyasar Nijeriya domin gano ko sulhu na yiwuwa idan aƙida ce ta raba jama'a. Nazarin ya gano cewa babu ɓangaren da ya taɓa sassauta aƙidarsa. Duk daidaitawar da aka samu a kan hurumi aka yi ta: wa za a gurfanar, a gaban wane alƙali, a kan wace magana.

Gabatarwa

Rigimar rabon arzikin ƙasa tana da tsaka-tsaki, domin wanda ya nemi kashi hamsin yana iya karɓar talatin ya haƙura. Maganar shari'a ba haka take ba. Musulmin da ke neman ta yana ganin bin ta ibada ce, Kiristan da ke adawa da ita yana tsoron a mayar da shi bare a ƙasar haihuwarsa. Kowanne da gaske yake, kuma nazarin da ya ɗauki ɗayansu ɗan amshin shatan 'yan siyasa ya kuskure hanya tun daga farko.

Daga Sardauna zuwa mulkin soja

A 1958 gwamnatin Sardauna ta gayyato kwamitin masana shari'a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Muhammad Abu Rannat. Daga shawarwarinsa aka samu kundin hukunta laifuka na bai ɗaya wanda ya fara aiki a Arewa a 1960, aka kuma kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. Musulmi suka saki hukuncin laifuka, suka riƙe aure, gado, wasiyya da waƙafi. Ciniki ne mai ɗaci ga malamai da yawa, amma shugabannin yankin ne suka ƙulla shi da hannunsu.

A majalisar tsara kundin mulki ta 1977 zuwa 1978, wadda Mai Shari'a Udo Udoma ya shugabanta, daftarin ya tanadi irin wannan kotu a matakin tarayya. Da aka cire tanadin a Afrilun 1978, wakilai masu goyon bayansa suka fice daga zauren, sai da gwamnatin Janar Obasanjo ta sa baki suka dawo. Abin da ya maye gurbinsa yana nan har a kundin 1999: alƙalai uku masana shari'ar Musulunci a Kotun Ɗaukaka Ƙara su saurari ƙararrakin da suka taso daga kotunan shari'a na jihohi. Tsarin ba shi da laifi, amma an kai gare shi ne bayan an kayar da ɓangare guda. Mai bincike Philip Ostien ya kira wannan dama ce da Kiristocin Nijeriya suka bari ta wuce, kuma wannan maƙala ta yarda da shi. A 1988 ma gwamnatin Babangida hana sabuwar majalisar tsara kundin mulki ci gaba da muhawarar ta yi. Soja sun iya rufe baki, ba su iya gamsar da kowa ba, shi ya sa da farar hula ta dawo, Gwamnan Zamfara Ahmad Sani ya ƙaddamar da shari'a a Gusau a Oktoban 1999, har jihohi goma sha biyu suka shiga sahu.

Gwajin Kaduna

A Kaduna ne aka fi jin jiki. Rikicin Fabrairun 2000 ya ci rayuka masu ɗimbin yawa tun kafin a zartar da wata doka. Gwamna Ahmed Maƙarfi bai nemi ya sasanta aƙidun biyu ba. A 2001 ya raba hurumi uku: kotunan shari'a ga Musulmi, kotunan gargajiya ga al'ummomin da ke bin al'adunsu, kotunan majistare ga kowa. Ya kuma ƙirƙiro masarautu a kudancin jihar, domin a can koken shari'a haɗe yake da tsohon koken zama ƙarƙashin masarautar Zazzau.

Tsarin ya kashe wutar gardamar kotu, amma bai hana rikicin gasar sarauniyar kyau ta duniya a Nuwamban 2002 ba. Mazauna birnin Kaduna kuma sun yi tasu rabuwar, wadda babu dokar da ta umarta: Musulmi suka tattara zuwa arewacin kogin Kaduna, Kiristoci zuwa kudancinsa, a unguwanni irin su Sabon Tasha da Kakuri. Rabon hurumi yana warware wanda zai yanke hukunci, amma tsaron ran waɗanda suka zama 'yan tsiraru a unguwanninsu aikin 'yan sanda ne da shugabannin unguwa, kuma a nan ne gwamnati ta gaza.