Kuskuren Suna a Tarihin Binciken Bakteriya Masu Dunƙule Dauɗar Ruwa

A shekarar 1914, Edward Ardern da William Lockett suka nuna a Manchesta cewa idan aka hura iska cikin ruwan kwata, aka mayar masa da lakar da ta kwanta, dauɗar kan dunƙule ta nitse ƙasa. Matatu suka daɗe suna cin moriyar dabarar ba tare da sanin abin da ke ɗaure dunƙulen ba, sai a 1935 Butterfield ya ware bakteriyar Zoogloea daga lakar, aka ɗora mata alhakin.

A 1987 masana a jami'ar MIT suka gano ƙwayoyin gadon da ke samar da yauƙi a wani nau'i mai lamba I-16-M, wanda kowa ya ɗauka Zoogloea ramigera ne. Ashe ba shi ba ne. Nazarin jerin gadonsa ya nuna dangantakarsu ta nesa ce ƙwarai, kuma a 2006 aka sake masa suna Shinella zoogloeoides.

Daga 2016 masu bincike a Wuhan suka koma kan Zoogloea ta ainihi, wato resiniphila. Sun tarar yauƙin kaɗai bai isa ba: idan babu sunadaran PEP-CTERM, bakteriyar kan watse cikin ruwa, dunƙule ba ya haɗuwa.