Karin Maganar Kurfai: Daga Baki Zuwa Takarda

Tun kafin alƙalami ya san karin magana, bakin tsofaffi ne rumbunsa. A 1852 Samuel Ajayi Crowther ya sanya na Yarbawa cikin ƙamusunsa. Na Hausawa kuwa, Merrick ya wallafa kundinsa a 1905, Kirk-Greene ya tara guda 500 a 1966. Sai dai duk waɗannan ayyuka, a ɓangaren da Ingila ta mallaka aka yi su.

Ƙasar Kurfai kuwa tana can ƙarshen yammacin ƙasar Hausa, cikin Dallol Bosso, ƙarƙashin Faransa a wancan zamani. A kasuwar Filinge, Bakurfaye ya daɗe yana cuɗanya da Bazabarme da Buzu da Bafillace, harshensa kuma ya riƙe kamanninsa: inda Bakano ya ce “fara”, mu “hwara” muke cewa. Ita ce ta cinye gero har aka shiga yunwar 1931. Wanda ya ji “da babu gara ba daɗi” daga bakin tsohuwar da ta ga shekarar, ya san ba ado ba ne, tarihi ne.

An kafa cibiyar tattara adabin baka a Yamai tun 1968, amma cibiya ba ta zama a kowace bukka. Saura gare mu, malamai da ƙungiyoyin al'adu: mu aiki ɗalibai wurin kakanninsu, su rubuto karin magana da lafazinsa na Kurhwayanci, da dalilin faɗarsa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.