Abdul Sattar Edhi: Dangin Wanda Ba Shi da Dangi

Littattafan tarihi cike suke da sarakai da mayaƙa da attajirai, amma da wuya ka ga an ware babi guda domin mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana wankan gawar da ba a san mai ita ba. Irin wannan mutum ne Abdul Sattar Edhi na ƙasar Pakistan, wanda ya shafe shekara 65 yana hidimar talakawa ba tare da albashin kowa ba.

An haife shi a shekarar 1928 a garin Bantwa da ke yankin Gujarat na ƙasar Indiya, cikin al'ummar Memon, waɗanda suka shahara da fatauci. Bai yi nisa a karatun boko ba. Tarbiyyar da ta gina shi a gida ya same ta, domin in zai tafi makaranta mahaifiyarsa kan ba shi faisa biyu, wato kamar kwabo biyu ke nan, ɗaya nasa, ɗaya kuma ya nemi mabukaci ya ba shi. In ya dawo sai ta tambaye shi wa ya bai wa. Daga baya ta gamu da shanyewar jiki, shi ya yi jinyarta shekara da shekaru, ya yi mata wanka, ya ciyar da ita, har Allah ya karɓi abinsa. A nan ya ga yadda mara lafiya ke wulaƙanta in ba shi da mai kula da shi.

A 1947, da Turawan Ingila suka raba Indiya biyu, iyalinsa suka bi ayarin miliyoyin Musulmi zuwa Pakistan, suka sauka a birnin Karaci. Ya fara da tallar yadi a kasuwa. Ya shiga wata ƙungiyar taimako ta 'yan ƙabilarsa, amma bai daɗe ba suka raba gari, saboda su nasu kawai suke son taimaka wa, shi kuwa ya ce ciwo bai san ƙabila ba. A 1951 ya buɗe ɗan ƙaramin ɗakin shan magani a unguwar Mithadar, yana kwana a kan benci a ƙofarsa don kada mai neman taimako ya zo da dare ya rasa kowa.

Abin da ya fito da sunansa shi ne annobar murar da ta auka wa nahiyar Asiya a 1957. Ya kafa rumfuna, ya roƙi ɗaliban likitanci suka zo suna duba mutane kyauta. Da jama'a suka ga aiki da idonsu, sai gudunmawa ta fara shigowa, har ya sayi wata tsohuwar mota ya mai da ita motar asibiti, shi ne direba, shi ne mai ɗaukar majinyaci. Daga wannan mota guda aka kai ga motoci fiye da 1,500, har littafin Guinness ya sa ƙungiyarsa a matsayin mafi girman rundunar motocin asibiti ta sa-kai a duniya. Duk inda aka yi haɗari, ko bam ya tashi, ko faɗan unguwanni ya ɓarke a Karaci, motocin Edhi ke fara isa. Gawar da aka tsinta a kwata ko a bakin teku, wadda mutane ke toshe hanci su wuce, da hannunsa yake wanke ta, ya sa mata likkafani, ya kai ta makwanci.

A tsakiyar shekarun 1960 ya auri Bilkisu, wata nas da ke aiki a ɗakin maganinsa, aikin ya zama na mutum biyu. Su ne suka ajiye gadon jarirai a ƙofar cibiyoyinsu, da rubutu mai roƙon duk wadda ta haihu ba ta son abin da ta haifa, kada ta kashe shi, ta ajiye a nan, ba mai tambayarta. Wasu malamai suka taso musu, suna cewa wannan buɗe ƙofar alfasha ne. Edhi bai janye ba. Hujjarsa ita ce jaririn bai yi laifin komai ba, kuma shi da kansa yake kwaso gawarwakin jarirai daga juji. Dubban yara sun rayu ta wannan hanya, Bilkisu ta sama wa da yawansu iyayen riƙo.

To, ina kuɗin wannan aiki ke fitowa? A nan ne darasin yake. Edhi ya ƙi karɓar kuɗin gwamnati, domin ya san mai ba ka shi ke juya ka. Ya dogara ga sadaka da zakka da fatun layya na talakawa, wani lokaci ma ya zauna a bakin titi yana bara da kansa. Abin da ya sa mutane suka amince kuwa, sun ga tufafinsa kala biyu ne rak, ɗakin kwanansa kuma yana liƙe da ofis. Ko a 2015, bayan an mayar da Gita Indiya, wata kurma 'yar Hindu da suka riƙe fiye da shekara goma ba su raba ta da addininta ba, Firayim Minista Narendra Modi ya yi musu tayin rufi miliyan 10, Edhi ya yi godiya ya ce a bar shi.

Lambobin yabo sun zo, har da ta Ramon Magsaysay da aka ba shi tare da matarsa a 1986, amma ba su canza masa ko riga ba. A 2013 ƙodarsa ta gaza. An yi masa tayin fita waje neman magani, ya ce a asibitin ƙasarsa za a yi jinyarsa kamar kowa. Ya rasu ranar 8 ga Yuli, 2016, yana da shekara 88. Bisa wasiyyarsa aka dasa wa makafi biyu tantanin idanunsa. Gwamnatin da ya ƙi kuɗinta ta yi masa jana'izar ƙasa a filin wasa na Karaci, aka binne shi a kabarin da ya tanadar wa kansa tun da daɗewa. Bilkisu ta bi shi a 2022, ɗansu Faisal ya ci gaba da riƙon aikin.

'Yan'uwa marubuta, yawancin abin da aka sani na ƙuruciyar wannan bawan Allah daga littafin tarihin rayuwarsa ya fito, wanda ya ba da labari da baki, marubuciya Tehmina Durrani ta rubuta, aka buga a 1996. Da ba ta zauna ta saurare shi ba, da labarin faisa biyu ya bi shi kabari. Masu irin wannan aiki ba su da lokacin rubuta kansu, kuma ba su da maroƙa. In akwai wani dattijo ko dattijuwa a kusa da kai da ke yin haka, ɗauki alƙalami ka je tun yana iya magana. Allah ya jiƙan Edhi da Bilkisu, ya sa aljanna ce makomarsu, amin.